Haruffa Biyun da Suka Faɗi: Rasuwar Mama A-Hankali

Cikin alhini mai nauyi, amma ba tare da rasa begen da muke da shi cikin Almasihu ba, Kwamitin Ilimin Kirista na wannan ikilisiya, a madadin Mai Girma Rabaran Shugaban Majalisar Ikilisiya, da Fasto Mataimaki, da iyayenmu Dattawan Majalisa, da Uwar Zumuntar Mata, da malaman makarantar Lahadi su ashirin da uku, ya karɓi labarin rasuwar uwarmu, malamarmu, kuma Shugabar wannan Kwamiti, wadda babba da yaro suka sani da Mama A-Hankali. Ta huta ranar Talata da safe, ƙarfe tara da minti ashirin, a asibiti, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya, maigidanta da babbar 'yarta suna gefen gadonta. Iyalinta sun shaida mana cewa shekarunta saba'in da biyu. Ta bar maigidanta, wato Baba Direba, da 'ya'ya huɗu, da jikoki tara.

Tun daga ranar Talata, duk wanda ya leƙo ofishin ikilisiya, in ya gama gaisuwa, tambaya ɗaya yake yi mana: ajin Asabar fa? Ga wanda bai sani ba, ajin Asabar shi ne zaman da malaman makarantar Lahadi suke yi da ƙarfe huɗu na yamma a ɗakin yara, su shirya darasin da za su koyar washegari. Marigayiya ce ta fara shi, ita ce kuma take riƙe da shi har ta kwanta jinya. Majalisa ta zauna a kan wannan tambaya ranar Alhamis, amsar kuma tana cikin saƙon nan. Sai dai ba za a gane amsar ba sai an san yadda ajin ya samo asali, don haka muna roƙon a yi haƙuri da tsawon bayani. Abin da muka rubuta mun ɗauko shi ne daga rajistar aji, da littattafan da ta rubuta da hannunta, da bakin waɗanda abin ya faru a gabansu. Inda ba mu tabbatar ba, mun faɗa.

Marigayiya ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin buga tafireta a ofishin wata makarantar sakandare. Saboda wannan sana'ar, duk wata takardar ikilisiya a wancan lokaci ta hannunta take bi: tsarin sujada, sanarwa, da ayoyin haddace na yara. Tsohuwar tafiretar ofis ba ta da haruffa masu ƙugiya, saboda haka jama'a suka saba in sun ga kalma su ɗora mata ƙugiya da ka, yadda suka ga ya dace. Wata rana ta buga Zabura ta ashirin da uku a babbar takarda, aka manna a bangon ɗakin yara, tsakanin taga da allo. A layin farko, inda ya kamata a ga kalmar «makiyayina», haruffa biyu suka faɗi, ta zama «makiyina». Malamin ajin ya yi abin da kowa ya saba yi, ya ɗora wa kalmar ƙugiya. Yara suka amsa da ƙarfi, da sauri, har da tafi. Manya masu karatu kuwa in sun wuce ta gaban bangon, abin da ke cikin kansu suke karantawa, ba abin da ke kan takardar ba. Haka takardar ta yi shekara shida a wurin. Mun gan ta da idonmu, a ninke cikin Littafi Mai Tsarki na marigayiya.

Abin da ya biyo baya mun rubuta shi ne da izinin wadda ya shafa, 'yar'uwarmu da aka fi sani da Mai Sabulu, saboda sana'arta a bakin kasuwa. A lokacin tana da ƙuruciya, ba ta iya karatu ba, kuma ta binne 'ya'ya uku cikin shekara huɗu. Duk ayar da ta sani daga bakin yara ta ji ta, domin bencin da take zama yana kusa da tagar ɗakinsu. Bayan rasuwar ɗanta na uku, 'yan zumuntar mata suka je gaishe ta da yamma, marigayiya tana cikinsu. Da marigayiya ta kama hannunta ta ce su faɗi wannan Zabura tare, sai Mai Sabulu ta ce: «Mama, wannan kam na san ta, na kuma ga gaskiyarta a jikina. Ubangiji maƙiyina ne. Abin da na yi masa ne kawai ban sani ba.» Marigayiya ta tambaye ta wa ya koya mata haka, ta ce ai yara ne, kowace Lahadi suna faɗa. Uwar Zumunta ta yanzu tana wurin a ranar, ta kuma tabbatar mana cewa marigayiya ba ta ko ɗauki jakarta ba. Ta fita da ƙafa zuwa majami'a, ta sa mai gadi ya buɗe mata ɗakin yara, ta tsaya gaban bangon, ta bi layin da yatsa.

Lahadin da ta biyo baya ta roƙi Rabaran na wancan lokaci minti biyar bayan sanarwa. Ta tsaya gaban dukan jama'a, ta ɗaga takardar, ta ce: «Ni na buga wannan, da yatsun nan nawa. Kada kowa ya nemi laifin malamin aji ko na yara. Shekara shida ina koya wa baiwar Allah cewa Ubangijinta maƙiyinta ne, ban kuma sani ba.» Muna ambaton wannan ne ba don tona asirin wadda ta riga mu gidan gaskiya ba. Ita da bakinta take ba kowane sabon malami wannan labari a ranarsa ta farko, kuma maigidanta ya ce mana in muka cire shi daga saƙon nan, to ba matarsa muka yi wa ta'aziyya ba, wata ce dabam.

Asabar ta gaba ta tara malaman makarantar Lahadi, su biyar a lokacin. Wasu suna cewa shekara talatin da ɗaya ke nan, wasu talatin. Rajista ta farko ruwa ya taɓa ta, shafukan gaba ba sa karantuwa, abin da muka iya tabbatarwa shi ne aƙalla shekara ashirin da tara. Ƙa'idarta ba ta da yawa, amma ba ta sassauta wa kowa. Wanda bai zauna ranar Asabar ba, ba zai tsaya gaban yara ranar Lahadi ba, ko da shi malamin jami'a ne, kuma an taɓa yin malamin jami'ar da ya gwada. Kowa zai karanta nassin a fili, harafi da harafi. In harshensa ya fara gudu sai ta ƙwanƙwasa tebur da bayan biro ta ce, «A hankali, ba wanda ya biyo ka,» daga nan sunan ya bi ta. In an gama karatu sai ta ce a rufe littafi, mutum ya faɗi abin da ya karanta da kalmominsa, kamar yana gaya wa kakarsa. Wanda ya tsere cikin manyan kalmomi sai ta tare shi: «Kakarka ba ta gane ba, ɗana. Sake.» Ta hana haddar taro, wato aji duka su amsa da murya ɗaya, sai in malami ya riga ya ji kowane yaro shi kaɗai ya kuma tambaye shi ma'anar abin da ya faɗa. Cewa take yi cikin hayaniya ne kuskure yake samun wurin ɓuya.

Daga wannan aji aikin ya bazu. Ta buɗe ajin koyon karatu na manya, ran Laraba da yamma, inda rajista ta nuna mutum ɗari da tamanin da bakwai sun kai ga karanta Littafi Mai Tsarki da kansu. Ta raba makarantar Lahadi aji biyar bisa shekaru, maimakon a tara ɗan shekara huɗu da ɗan goma sha huɗu a benci ɗaya. Ta sa aka mai da ajin baftisma wata shida, ana tambaya ana amsawa, ba sauraro kawai ba. Da ta ga tana koya wa malamai alhali ita kanta ba ta taɓa zama a makarantar Littafi Mai Tsarki ba, sai ta shiga karatun ƙarshen mako tana da shekara arba'in da tara, ta gama da hamsin da biyu. Har zuwa lokacin da ofis ya sami na'urar da ke da haruffa masu ƙugiya, kowace takarda da za ta fita sai ta bi ta da jan biro, kwafi bayan kwafi, tana saka wa kowane harafi ƙugiyarsa.

Ba za mu ɓoye cewa zama da ita yana da zafinsa ba. Mai Girma Rabaran ya ba mu izini mu faɗi cewa a watansa na farko a wannan ikilisiya ya rubuta a tsarin sujada cewa za a «karbi baki», sai ga ta a ƙofar ofis da takardar a hannu tana tambaya, «Ranka ya daɗe, bakin wa za mu karɓa, da haƙora ko babu?» Baba Direba kuwa ya ce mana: «Shekara arba'in da shida ina karatun safe a gidan nan, ban taɓa kai ƙarshen sura ba a tsai da ni ba. Ni da na tuƙa babbar mota shekara talatin ɗan sanda bai taɓa kama ni da laifin gudu ba, sai a falona.» Ya yi dariya da ya faɗa, sannan ya ce jiya da safe ya karanta sura guda har ƙarshe babu wanda ya ƙwanƙwasa tebur, sai ya rufe littafin ya kasa yin addu'a. Akwai malaman da suka yi fushi suka bar ajin saboda tsananinta. Mun san mutum huɗu. Uku sun dawo da baya, na huɗun shi ne ya fara zuwa gaisuwa ranar Talata.

A shekaru uku na ƙarshe ta duƙufa kan rubuta jagoran malamai, darasi hamsin da biyu, ɗaya ga kowane mako, domin kada aikin ya dogara ga ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Ta gama arba'in da ɗaya, cikin littattafan rubutu bakwai. A shafin darasi na arba'in da biyu akwai kan magana kawai, sai layi ɗaya a ƙasa da jan biro: «In ban tashi ba, Mai Sabulu ta riƙe ajin Asabar.» Babbar 'yarta ce ta kawo mana littafin daga asibiti, ta kuma shaida cewa a gabanta aka rubuta, kwana biyu kafin rasuwar.

A nan ne aka sami damuwa, kuma gaskiya ta sa mu faɗe ta. Ƙa'idar ikilisiya ta ce wanda zai shugabanci koyar da malamai sai mai takardar shaidar makarantar Littafi Mai Tsarki. Mai Sabulu ba ta da ita. Abin da take da shi shi ne wannan: ta koyi karatu cikin wata goma sha huɗu a kan teburin cin abinci na marigayiya, ta yi shekara ashirin da biyu tana koyar da ajin 'yan shekara shida zuwa takwas, kuma cikin dukan shekarun nan sau tara kawai rajista ta nuna ba ta zo ranar Asabar ba, biyu daga ciki lokacin haihuwar 'ya'yanta biyu ne da Allah ya ba ta daga baya ya kuma raya mata. Cikin malamai ashirin da uku, masu takardar shaida biyu ne, ɗaya an yi masa canjin wurin aiki zai tashi a ƙarshen wata, ɗayar kuma aikin jinya take yi, Asabar ba tata ba ce. In aka bi ƙa'ida yadda take a rubuce, sai a rufe ajin har a sami mai takarda. In aka bi wasiyyar marigayiya, an taka ƙa'idar da ita kanta ta girmama har ta koma makaranta da furfura a kanta. Ita ma Mai Sabulu da aka nuna mata rubutun cewa ta yi: «Ni? Ga masu digiri zaune? Mama dai ciwo ne ya yi mata yawa. Ku bar ni da 'yan ƙananana.»

Majalisa ta zauna ranar Alhamis daga ƙarfe biyu zuwa biyar da minti goma. Waɗanda suka tsaya kan ƙa'ida ba don raini suka tsaya ba, tsoronsu shi ne in aka buɗe ƙofar yau, gobe wani zai bi ta da koyarwar da ba daidai ba, kuma wannan tsoro ne da marigayiya za ta fahimta. An daɗe ana kai da komo. Sai mafi tsufa cikin Dattawa, babanmu Kafinta, ya nemi izinin magana. Ga abin da ya faɗa, yadda aka rubuta a littafin zaman Majalisa: «Lokacin da takardar nan take bango, ni ina da takardar shaida, tana rataye a ɗakina cikin gilashi. Ni na ƙera allon da ke gefenta. Na wuce ta gabanta Lahadi fiye da ɗari uku ban gani ba. Rabaran namu na lokacin bai gani ba. Wadda ba ta san harafi ko ɗaya ba ita ce kaɗai ta saurari kalmar, ta ɗauke ta da gaske har ta yi kuka a kanta. In kuna neman wanda ya san nauyin harafi a ikilisiyar nan, kada ku duba bangon ɗakina.»

Ga abin da Majalisa ta yanke, ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba. Ba za a rufe ajin Asabar ba, ko na mako ɗaya. Mai Girma Rabaran zai riƙe sunan shugabancin ajin kamar yadda ƙa'ida ta nema, zai kuma zauna a ciki kowace Asabar, a benci, tare da malamai. 'Yar'uwarmu Mai Sabulu ita za ta koyar, za ta kuma shiga karatun ƙarshen mako a zango mai zuwa, a makarantar da marigayiya ta yi. Darussa goma sha ɗaya da suka rage, malamai za su rubuta su tare, a hankali.

Saura amincewarta, kuma ba ta ba da ita ranar Alhamis ba. Yau Juma'a da safe Uwar Zumunta ta raka ta gidan rasuwa. Baba Direba ya shiga ɗaki ya fito da Littafi Mai Tsarki na matarsa, ya zaro tsohuwar takardar, ya miƙa mata ya ce: «'Yata, karɓi. Ta riƙe miki ita shekara ashirin da tara, hannunta ya gaji.» Ta buɗe ta duba. A saman kalmar, da jan biro, marigayiya ta mai da haruffa biyun da suka faɗi. Mai Sabulu ta karanta layin a fili, daidai, sannan ta ce ta yarda.

Saboda haka, a madadin Mai Girma Rabaran, da Fasto Mataimaki, da Dattawan Majalisa, da Uwar Zumunta, da dukan malamai da ɗaliban makarantar Lahadi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga babanmu Baba Direba, da 'ya'yan marigayiya huɗu, da surukanta, da jikokinta tara, da ƙanwarta da ta rage cikin 'yan ɗakinsu, da dukan dangi na kusa da na nesa. Kun ba mu aron ta kowace Asabar da kowace Laraba, lokacin da ku ma kuna bukatarta a gida, ba mu kuma taɓa jin ƙorafinku ba. Mun gode. Muna addu'a Allah na dukan ta'aziyya ya ba ku ƙarfin jure wannan rashi, ya riƙe babanmu a cikin safiyar da falo zai yi masa shiru, ya haɗa kan 'ya'ya, ya raya jikoki cikin sanin maganarsa, ya kuma ba mu duka ikon gama namu aikin da aminci har ranar da za mu sake saduwa da ita.

Za a yi sujadar jana'iza gobe Asabar da ƙarfe goma na safe a majami'a, daga nan a wuce makabarta. Bisa roƙon iyali, Mai Sabulu ce za ta karanta Zabura ta ashirin da uku, kuma babanmu ya roƙi kada jama'a su amsa tare, a bar ta ta karanta ita kaɗai, kowa ya saurara. Har wa yau bisa roƙon iyali, ajin Asabar zai zauna gobe da ƙarfe huɗu na yamma a ɗakin yara kamar kullum. Malamai su zo da littattafansu.

Mutum uku sun karanta wannan saƙo a fili, harafi da harafi, kafin a fitar da shi. Duk da haka, wanda ya ga harafi ya faɗi ko ƙugiya ta ɓace, muna roƙonsa kada ya gyara a cikin kansa ya wuce. Ya zo ofis ya faɗa mana, domin ba mu san wanda yake zaune kusa da taga yana sauraro ba.

Ubangiji, Makiyayin tumakinsa, ya ba ta hutawa, ya kuma yi kiwon waɗanda ta bari. Amin.

Sa hannu:
Auta, kamar yadda Mama take kira na,
Magatakardan Kwamitin Ilimin Kirista,
a madadin Mai Girma Rabaran da Majalisar Ikilisiya.